Motar Da Ba Ta Sallama

Ranar Alhamis da yamma, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Tabitha ta zare makullin jar motar daga ƙusar da suke rataye makullai, ta ce wa mahaifinta za ta kai wa mai ita abarsa a Samaru ta dawo. Aike ne irin wanda ta yi ba adadi. Garejinsu yana bayan PZ a Sabon Gari, ita da mijinta Dominic ke riƙe da shi: shi inji da ƙafafun mota, ita waya da kwamfuta. Duk motar da fitila ta kama a allonta ta ƙi mutuwa, ta gagari masu gyara, wurin Tabitha ake turo ta. Kuma kafin ta jona kwamfuta, sai ta ɗora tsinin dogon sukudireba a kan inji, ta manna ƙotarsa a kunnenta na dama, ta lumshe ido ta saurara. Wurin mahaifinta ta gaji wannan, kuma da wuya kwamfutar ta ƙaryata kunnen.

Ita kuwa jar motar, Zariya ba ta saba ganin irinta ba. Ƙofa biyu, kujera biyu, a kwance take da ƙasa kamar kwaɗo. Emenike ne mai ita, wani mai shagunan taya da arziki ya yi wa sallama da wuri, shi kuma bai iya ɓoye baƙo ba. Ranar da ya kawo ta, sai da ya tara rabin layin yana lissafa musu abin da ke cikinta.

"Madam, ƙarfin doki ɗari takwas ne a nan," in ji shi, yana shafa ta. "Daga tsaye zuwa gudun ɗari, daƙiƙa uku ba ta cikawa. Birkin nan irin na motocin tsere ne, ba ya zafi. Kamarar dare, ni na ce a sa. Abin ɗaga hanci saboda ramuka, ni na ce a sa. Kuma ga inji ga batir. In na ga dama ta yi ruri har a ji a Tudun Wada. In na ga dama in kashe injin, ta wuce da batir ko kaza ba za ta ɗaga kai ba."

Tabitha ta ce, "Oga, duk da dawakin naka ɗari takwas, rami ɗaya ne ya durƙusar da ita."

Aka yi dariya, har da shi. Abin ɗaga hancin ne ya lalace. Dominic ya gyara shi ranar Litinin, ya fita gwaji da yamma. Bai dawo ba sai bayan magariba, rigarsa sharkaf da gumi. Ya ce ya ji kamar ya taka wani abu, ya tsaya ya duba, bai ga komai ba, ko jini babu. Kafin su kwanta, tafin ƙafarsa na dama, wanda ya taka totur da shi, ya yi sanyi kamar randa. Ranar Talata sanyin ya kai ƙwauri. Laraba ya wuce gwiwa. An ɗauki hoto a asibiti, an ɗebi jini, ba a ga komai ba. Fasto ya zo ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Yau Alhamis da rana, ƙanwarsa Winifred da ke jinyarsa a gida ta bugo waya ta ce sanyin ya kai ƙugu, kuma ya daina jin ana tsungulinsa.

Motar ma tun ranar ta ɗauki wani hali. Da zarar rana ta sunkuya, ko an kunna ta ko ba a kunna ba, sai ta fara ƙarar nan ta tunatar da mutum ya ɗaura bel, kuma kujerar mai zaman banza take nunawa. Tabitha ta canza 'yar na'urar da ke jin nauyin mutum a ƙarƙashin kujerar. Ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta manna kunne ta saurara. Da rana lafiya lau, da almuru ta dawo da kukanta. Yanzu dai Emenike ya ce a kawo masa ita haka nan, gobe yana da biki a Kaduna, ita kuma Tabitha neman kai take da ita.

Har ta buɗe ƙofa, sai mahaifinta ya yi gyaran murya daga bencin da yake wuni a kai. Baba Sati tsohon direban gingimari ne, shekara arba'in yana bin hanya kafin idonsa ya yi rauni.

"Tabi, ba kin ce motocin nan suna rubuta duk abin da suka yi ba?"

"Suna rubutawa, Baba."

"To kin tambaye ta abin da ta gani ranar Litinin?"

Kunya ta kama ta. Kwana uku tana zirga-zirga tsakanin asibiti da gida da gareji, tana bin waya, ba ta taɓa tunanin buɗe wannan ba. Ta ɗauko kwamfuta ta jona.

Ga shi nan a rubuce. Ƙarfe shida da minti talatin da takwas. Gudu ɗari da ashirin. Inji a kashe, batir kaɗai. Birkin gaggawa ya kama da kansa, dalili: mutum a gaba. Ta buɗe hoton kamarar gaba. Sabuwar kwalta ce sumul, dawa ta rufe hagu da dama, ga kwalbati, ga wata ƙatuwar tsamiya a gefensa. Babu kowa. Ta buɗe hoton kamarar dare, wadda zafin jiki take gani, mai rai ya fito mata fari.

A tsakiyar kwaltar akwai wani abu a tsugune, tsawon ɗan shekara huɗu. Baƙi ne ƙirin, ya fi kwaltar da ke ƙarƙashinsa sanyi.

Baba Sati ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ba yaron yake kallo ba, itacen yake kallo.

"Na san tsamiyar nan. Hanyar da ta ratse bayan Samaru ta shiga gonaki ce, an zuba mata kwalta bara." Ya ɗago. "Ya yi hon?"

Ta duba. "Bai yi ba."

Tsohon ya koma ya zauna a hankali. "Wurin nan da masu shi. Da almuru 'ya'yansu kan fito kan hanya su yi wasa. Tun ana bin ta da laka kowane direba ya sani. Musulmi ya yi bisimilla, mu mu kira sunan Yesu, amma kowa sai ya danna hon sau uku daga nesa. Wanda ya manta ma, ƙarar injinsa ta yi masa sallama, su kwashe yaransu. Wannan fa? Ta faɗa musu gida ba motsi, kamar ɓarawo."

"To me ake yi, Baba?"

"Addu'a."

"Bayan addu'a."

Ya kau da kai. "Sau ɗaya na taɓa gani, a kan wani abokin aikina. Ranar da sanyin ya kai ƙirji..." Bai ƙarasa ba.

Tsoro ne ya fara zuwa mata, ba sai an faɗa ba. Amma Tabitha irin mutanen nan ce da tsoro ba ya daɗewa a cikinsu bai rikiɗe ya zama fushi ba. Shekara goma sha ɗaya suna gina garejin nan da Dominic, tun yana rumfar kwano ɗaya. Mutumin da ko akuya ya gani a hanya sai ya tsaya ta gama shawararta. A ce ta naɗe hannu tana kallo sanyi yana cin sa kamar gara? Ta cire wayar kwamfutar, ta shiga motar.

"Tabi, kada ki je. A bar kaza cikin gashinta."

"Baba, kazar ta riga ta shigo mini ɗaki. Ka yi mini addu'ar, ni zan yi tuƙin."

Ta danna maɓalli, allon ya kama, motar ta zame daga garejin ba ko tari.

A PZ cunkoso ne irin na tashi daga kasuwa. Masu a-daidaita-sahu suna kutse, 'yan acaɓa suna leƙen gilas, ƙanshin gasasshiyar masara da hayaƙin janareta suna shigowa tare. Ta danna abin ɗaga hanci ta haye wani tudun kwalta, ya yi aiki daidai, aikin hannun Dominic. Ta wuce Kwangila rana tana daidai saman rufin shaguna.

Bayan Palladan ƙarar ta fara.

Ting. Ting. Ting.

Hoton kujerar gefenta ya koma ja a allo. Ba ta waiwaya ba. Ta ƙara riƙe sitiyari.

Sai wari. Ba warin fata da turaren Emenike ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, da tsohuwar toka, da tsamin tsamiyar da ta kwana a ruwa. Gefen jikinta na dama ya ɗauki sanyi, daga kafaɗa har yatsu, alhali na hagu yana gumi.

Ta saci kallo da wutsiyar ido. Babu kowa. Amma fatar kujerar ta lotsa, lotsawar zaman mutum, kuma tana ƙara lotsawa a hankali kamar mai gyara zama.

Ting. Ting. Ting.

Ta ce ba tare da ta juya ba, "Baiwar Allah, in zama za ki yi a motar nan, ki ɗaura bel. Ƙarar nan ta ishe ni."

Na ɗan lokaci ba abin da ya faru.

Sai bel ɗin ya fara zarowa daga jikin ƙofa. A hankali. Ya yi baka a kan iska, ya zagaye wani ƙirji da ba a gani, ya sauko.

Ƙas.

Ƙarar ta ɗauke. Tabitha ta gane cewa ƙarar ta fi mata shirun sau dubu.

Samaru ta karɓe ta da fitilu da hayaniya. Ana kiran sallar magariba daga masallatai uku lokaci guda. Ɗalibai sun cika bakin titi, wasu suka ɗaga waya suna ɗaukar motar. Wani ya ƙwala mata, "Madam, wannan mota ta haɗu!" Ba wanda ya lura da bel ɗin da ke tsaye a kan iska. Ta wuce kwanar gidan Emenike ba ta ko kalle ta ba. Ta wuce shagunan ƙarshe. Kafin a kai Shika ta karya kan motar ta shiga hanyar gonaki.

Hayaniya ta yanke kamar an rufe ƙofa. Dawa ta tashi hagu da dama ta fi motar tsawo sau uku. Sama ta yi ruwan toka.

A jikin sitiyarin akwai wani ɗan maɓalli da ake murzawa a zaɓi yadda motar za ta yi tafiya. Ta murza shi don injin ya tashi. Ya yi gurnani sau ɗaya a bayanta, sai maɓallin ya murza kansa ya koma. Injin ya mutu. Sai sautin taya a kan kwalta, sulululu.

Ta sake murzawa. Ya sake komawa.

Karo na uku ta murza ta danne shi da babban yatsa. Wasu yatsu masu sanyi suka sauka a wuyan hannunta. Dogaye ne, sun zagaye shi har sun haɗu da saura. Ba ta saki ba.

"Ba zan shiga muku shiru ba," ta ce ta cikin haƙora. "Sau ɗaya aka yi wannan kuskuren."

Yatsun suka janye.

Tsamiyar ta bayyana a gaba, baƙa, ta rufe rabin sama. Tun da sauran nisa Tabitha ta taka birki ta tsaya. Ta kira sunan Yesu a zuciyarta. Ta danna hon. Ɗaya. Biyu. Uku.

"Salama alaikum, masu gida."

Ta gilas, hanya fayau. A allon kamarar dare kuwa, kwaltar cike take. Ƙananan baƙaƙen siffofi, sun fi ashirin, duk sun ɗago kai. Suka watse cikin dawa. Ganyen bai motsa ba.

Ɗaya ya rage a bakin kwalbatin. Yana jan jiki da hannuwa, ƙafa ɗaya tana biye da shi.

Muryar ta zo daf da kunnenta, ƙasa-ƙasa, kamar ana murza busasshen ganye.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Kwana uku bai taka ƙasa ba."

"Nawa ma haka."

"Naki shi ya jawo."

"Ya yi laifi, ban zo musu ba," in ji Tabitha. "Bai san wurin ba. Motar ce aka ƙera ba murya. Na zo ba da haƙuri, mace ga mace."

"Haƙuri ba ya ɗora ƙashi. Yaro yana son mai goya shi. Kafin gari ya waye mijinki zai zo ya goya shi."

"Har yaushe?"

"Ba a dawowa daga wurinmu."

"Ƙafa ya taka. Bai ɗauki rai ba."

"Mu ke yankewa, 'yar mutum. Juya ki tafi. Ki je ki nemi baƙin zanen takaba."

To, a nan ne tura ta kai bango. Da matar ta tsaya a kan ƙafa da ƙafa, wataƙila da Tabitha ta sunkuyar da kai ta karɓa. Amma baƙin zane? A gaya mata a fuska, a cikin motar da ita ta tuƙo? Ta ji wani abu ya taso mata daga ciki ya kone tsoron ƙurmus. Ta fitar da giya. Ta murza maɓallin har ƙarshe, inda aka tanada don filin tsere. Ta danna wanda ke buɗe bakin salansa. Sannan ta take totur har ƙasa.

Dawakin Emenike suka farka gaba ɗaya.

Ƙarar ba ta mota ba ce. Ta tsaga gonakin, ta daki tsamiyar ta dawo. Kujera tana rawa, haƙoranta suna rawa. Jemagu suka tashi daga itacen kamar hayaƙi. A madubi ta ga salansa tana tofar da wuta shuɗiya. A allo, siffofin da suka ɓuya a bakin dawa sun dafe kawunansu suna birgima.

Ta ɗaga ƙafa. Injin ya sauko yana tartsatsi. Warin fetur da ƙonannen ƙarfe ya cika motar.

"Kin ji wannan?" ta ce, yanzu kam ta juyo tana kallon kujerar ido cikin ido, ko da yake ba idon da za ta kalla. "In mijina ya mutu, kowace magariba ina nan. In an karɓe wannan motar, zan zo da wata, ni na san yadda ake cire wa inji kunya. Zan tsaya a gindin tsamiyar nan in yi ta yi har 'ya'yanki su manta yadda ake wasa. Ki kashe ni in kin ga dama, ubana zai sa direbobin gingimari su zo a madadina. Amma in kin sake shi, na yi miki alkawari, motar nan ba za ta ƙara tafiya shiru ba, kuma duk wadda ta bi ta hannuna haka. Ki zaɓa."



Sai na'urorin da ke gargaɗi in mota ta kusa gogar wani abu suka fara.

Tit. Daga gaba.

Tit. Tit. Daga baya.

Hagu. Dama. Suna ƙara sauri.

Waɗanda ke fitowa daga dawa yanzu ba yara ba ne. Allon ba ya ɗaukar tsawonsu, ƙafafu kawai yake nunawa.

Ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya, doguwa, ba yankewa.

Gilas ya yi raɓa daga waje. Tafin hannu ya fito a jikinsa. Wani ya fito a samansa.

Hancin motar ya ɗaga. Ba ita ta danna ba.

"Ba kya jin tsoro?" in ji muryar.

"Ina ji. Amma ba zan ba ki shi ba."

Wata 'yar dariya, busasshiya. Sanyin ya matso har ta ji shi a kumatu.

"Kwana uku ina zaune ina kallon ki. Kina manna ƙarfe a kunnen nan kina jin ciwon inji. Da shi kike ci, ko?"

Tabitha ta kai hannu ta dafe kunnenta na dama.

"Shirun da aka kawo mana ba zai kwana a nan ba. Dole wani ya ɗauka ya koma da shi. Shi, ko ke?"

Ta tuna ranar da Baba Sati ya fara ɗora mata sukudireba a kunne tana 'yar shekara tara. Ta tuna yadda take jin bugun da ba wanda ke ji. Abin ya yi mata ciwo, ciwo sosai, amma ba ta ɗauki daƙiƙa uku ba.

"Ni."

Aka hura mata iska a kunnen dama. Siririya, mai sanyi, kamar an zura tsinke har cikin kai. Rabin duniya ya mutu.

Ƙas. Bel ɗin ya saki, ya koma mazauninsa. Fatar kujerar ta taso. Ƙofa ba ta buɗe ba.

Muryar ta zo ta hagu, daga waje.

"Ni na sake shi. Su ban ce sun sake ki ba. An ce kina da dawakai. Mu gani."

Hancin motar ya faɗo ƙasa da ƙarfi.

Baya a toshe. Gefe a toshe. Gaba kawai, ta kan kwalbatin, inda hanyar ke zagayawa ta fita babban titi. Amma gaban ma cike yake da ƙafafu, kuma ta san abin da taka ɗaya ke jawowa.

Ta sa giya. Ƙafar hagu a kan birki, ta dama a kan totur har ƙasa, yadda ake tayar da motar tsere. Motar ta tsuguna tana karkarwa. Ta ɗora tafin hannu a kan hon ta danne.

"Ku ba ni hanya! Na yi sallama!"

Wani abu yana kankarar rufin.

Ta zuba wa allon ido.

Hannun ƙofarta ya motsa.

Wasu dogayen hannuwa suka sauko cikin allon, suka ɗauke yaron daga bakin kwalbatin. Ƙafafun suka ɗan rabu. Kwalta ta bayyana, faɗin mota ɗaya.

Ta saki birki.

Kanta ya bugu da kujera. Numfashinta ya tsaya a baya. Tsamiyar ta wuce kamar ƙiftawar ido, wani abu ya ja jikin motar tun daga ƙofa har wutsiya, ƙiiii, sannan ya kuɓuce. Emenike bai yi ƙarya ba, daƙiƙa ukun ba su cika ba.

Ba ta ɗaga hannu daga hon ba sai da ta ga fitilun tireloli a babban titi.

A bakin wani shagon mai shayi ta tsaya. Wayarta ta haska. Winifred. Ta kai ta kunnen dama yadda ta saba, ta yi ta cewa halo, ba ta jin komai. Sai ta tuna. Ta mayar da ita hagu.

"Anti! Anti, kina ina? Yaya yana ta ihu, wai ƙafar tana masa zafi kamar an sa a wuta! Gumi yake ta yi!"

Tabitha ta kifa goshi a kan sitiyari ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun Litinin. "Bar shi ya yi ihun," ta ce. "Ki bar shi ya yi."

Washegari da safe, kafin ta kai wa Emenike motarsa, ta jona kwamfuta ta toshe tafiyar batir kaɗai. Daga ranar, da an taɓa maɓalli injin ke tashi da ruri. Emenike ya yi tsalle ya dire. "Madam, who send you? Wa ya aike ki? Kin san abin da na zaɓa ke nan da kaina?" Ta ce ya kai ta duk inda za a mayar masa, amma ya fara zagayawa ya dubi gefen dama. Ya zagaya. Layi biyar ne, sun ratsa fenti har cikin jikin motar, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta yatsun kowane mutum. Ya daɗe a tsaye. Bai sake tayar da maganar ba, kuma an ce har yau ko a cikin gari ya ga tsamiya sai ya danna hon.

Dominic ya tashi, amma da sanda. Kunnen Tabitha kuwa likita ya leƙa ya ce lafiyarsa lau, ba ya dai ji. Ba ya jin inji, ba ya jin waƙar coci, ba ya jin an kira sunanta. Abu ɗaya kawai yake ji. Kullum da almuru, daga can nesa, sai ta ji ana jan 'yar ƙaramar ƙafa a kan kwalta. Taki ɗaya, ja ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba sai Baba Sati, shi kuma ya ce ta riƙe bakinta.

Aka ci Kirsimeti, aka shiga bazara. Jan ƙafar ya riƙa raguwa. Wata yamma tana sunkuye a kan injin wata tsohuwar mota, sai ta ji shi ya canza. Gudu ne. Ƙananan ƙafafu biyu, daf-daf-daf, da wata siririyar dariya da ta yi nisa har ta ɓace.

Ta ɗago. Dominic ne ke ratsa garejin da taya a kafaɗa, yana faɗa da wani mai a-daidaita-sahu da ya toshe musu ƙofa. Sandarsa tana can jingine da bango, ya manta da ita.

Daga ranar kunnen bai ƙara jin komai ba, ko da almuru. Tabitha ta goge hannu a jikin rigar aiki, ta ɗora tsinin sukudireba a kan injin, ta juyo da kunnen hagu.

"Malam, tayar da ita," ta ce wa mai motar. "Ka ba ta wuta sosai. A garejin nan ba ma son shiru."